Gadon Ƙasa Mai Wuta a Ƙarƙashi: Yadda Ake Gano Matsalarsa da Yadda Ake Gyara Ta

Gabatarwa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa watan Fabrairu, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta iso ƙasar Daura ɗauke da ƙura da hazo. Busasshiyar iska ce wadda ba ta da laima. Saboda haka, da zarar rana ta faɗi, zafin da ƙasa ta tara da yini sai ya tsere sama, domin babu gajimare ko tururin ruwa da zai tare shi. Wannan ne dalilin da ya sa a Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu mutum kan yi gumi da azahar, amma kafin asuba ya shiga neman bargo.

Tun kaka da kakanni maginan ƙasar Hausa suka samo wa wannan sanyi magani. Sukan gina gadon ƙasa a jikin bangon ɗaki, wato wani dandamali na laka mai kogo a ƙarƙashi, da 'yar ƙofa a gaba inda ake zuba garwashi ko a hura kirare. Idan kan gadon ya ɗauki ɗumi sai a shimfiɗa tabarma a kwanta. Tsofaffi da marasa lafiya su ne suka fi amfana da shi, sai kuma mai jego da jaririnta a cikin kwana arba'in na farko. Gadon ƙarfe da katifa sun kore shi daga yawancin gidajen birni, amma kaskon gawayi da ake ajiyewa a tsakar ɗaki ya gaje shi, kuma ilimin da ke tattare da su ɗaya ne.

Kamar kowace na'ura, wannan gado yakan samu matsala. Wani lokaci ya ƙi yin ɗumi, wani lokaci ya yi zafi a gefe guda, wani lokaci ya cika ɗaki da hayaƙi. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda ake gano musabbabin kowace matsala ta hanyar bin matakai ɗaya bayan ɗaya maimakon kame-kame, a kuma fayyace dalilin da ya sa matsalar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinta.

Tsohuwar Dabara a Duniya

Ɗumama wurin kwana daga ƙasa ba dabarar Hausawa kaɗai ba ce. Kimanin shekaru 2,000 da suka wuce, Rumawa sukan ɗora daɓen gidajen wanka a kan gajerun ginshiƙai na jan bulo, su hura wuta a wani murhu da ke gefe, zazzafar iska ta ratsa tsakanin ginshiƙan, ta hau ta cikin bango ta fice. A arewacin ƙasar Sin akwai gadon bulo da ake kira kang, wanda ya fi kowanne kama da na Hausa. A Koriya kuwa, ɗaukacin daɓen ɗaki ake ɗumamawa da dabarar da ake kira ondol. Hayaƙin murhun girki ne ke bi ta wasu hanyoyi a ƙarƙashin shimfiɗaɗɗun duwatsu, ya fita ta bututu a ɗaya ɓangaren gidan.

Akwai bambanci guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun yanzu. Na Rumawa da na Sin da na Koriya duk suna da mafitar hayaƙi zuwa waje. Gadon ƙasa galibi ba shi da ita. Ƙofar da iska ke shiga, ta nan hayaƙi ke fita, kuma cikin ɗakin da ake kwana yake fitowa.

Hanyoyi Uku da Zafi Ke Bi

Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi, kuma hanyoyi uku yake bi. Ta farko ita ce ratsawa, wato ya bi ta cikin abu mai tauri, kamar yadda cokalin ƙarfe ke yin zafi har ƙarshensa idan an bar shi a cikin shayi. Ta biyu ita ce tafiya tare da iska ko ruwa. Iskar da ta yi zafi takan yi sauƙi ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku ita ce huci, wato zafin da ke iske mutum kai tsaye daga rana ko daga garwashi ba tare da ya taɓa su ba.

A gadon ƙasa, huci da zazzafar iska su ke gasa rufin kogon daga ciki, sannan zafin ya ratsa laka ya fito sama. Laka ba ta saurin wuce da zafi kamar ƙarfe. A hankali take ɗaukarsa, a hankali take sakinsa. Wannan hali nata shi ne dukan amfanin gadon, domin yana nufin ana iya gasa shi da yamma, a kwashe wutar gaba ɗaya, ya ci gaba da ba da ɗumi cikin dare. Haka kuma yana nufin cewa gadon da bai yi zafi ba bayan ɗan lokaci da hura wuta ba lallai ne ya lalace ba. Sau da yawa gaggawar mai gida ce matsalar, kuma ƙara wuta a wannan lokaci shi ke jawo ƙuna a tsakar dare.

Ƙa'idar Bincike

Mai binciken kimiyya ba ya canza abubuwa biyu a lokaci guda, domin idan gyara ya samu ba zai san wanne ne ya yi aiki ba. Saboda haka, a bi sawun zafin daga tushensa, a tsaya a zango biyar: makamashi, iska, jikin gado, jikin mai kwanciya, sannan ɗakin kansa. Ana gudanar da binciken da rana, ƙofa da taga a buɗe, ba kowa a kan gadon.

Zango na Ɗaya: Makamashi

Idan wuta na ta tsuwa tana fitar da farin hayaƙi amma gado bai yi ɗumi ba, a fara duba itacen. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kafin ya ci, sai wannan ruwa ya zama tururi, kuma zafin da ake bukata don mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar zafin da ake bukata don ɗaga ruwan daga digiri 0 zuwa digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Ashe ke nan wutar busar da itace take yi, ba gasa gado ba. Busasshen itace ana gane shi da rashin nauyi, da tsagewar bakinsa, da kuma ƙarar da yake yi idan an gwara biyu. Haka nan kada a kuskura a sa roba ko leda ko tsohon taya ko katako mai fenti, domin hayaƙinsu yana ɗauke da guba iri-iri.

Zango na Biyu: Iska

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Idan itacen busasshe ne amma wutar na mutuwa, to iska ce ba ta isa gare ta. A duba ko toka ta taru ta cike kogon, ko tarkace ya toshe ƙofar, ko kuwa an cusa itace da yawa har babu sarari a tsakaninsu. Launin wuta da yawan kunkunniya su ne shaida. Wutar da ke samun isasshiyar iska tana ci da haske, hayaƙinta kaɗan ne. Wadda ke shaƙe kuwa tana ci a dushe, tana barin baƙin kunkunniya a bakin kogon. Maganin wannan shi ne a kwashe toka kullum, a rage yawan itace.

Zango na Uku: Jikin Gado

Idan wuta na ci yadda ya kamata amma gefe guda ya yi zafi ɗaya gefen na da sanyi, a shafa tafin hannu a kan gadon taki-taki don a gano iyakar zafin. Dalilin ba ya wuce uku: ko an tara garwashi a wuri ɗaya, ko kaurin lakar bai daidaita ba, ko kuwa wani ɓangare na rufin kogon ya zube ya tare hanyar zazzafar iska. Wurin da ya fi ko'ina zafi shi ne inda laka ta fi siranta, kuma nan ne zai fara rushewa. Idan kuwa gadon duka ya ƙi ɗaukar zafi bayan damina, to lakar ce ta sha laima, sai a yi kwanaki ana hura 'yar ƙaramar wuta har ta bushe.

Laka takan ɗan buɗe idan ta yi zafi, ta tsuke idan ta huce. Wannan kai da komo na kowace rana shi ke haifar da tsagewa, gara da ɓeraye kuma su ƙarasa aikin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka hayaƙi ma. Don a gano tsaga, a ɗauke tabarma, a hura 'yar wuta da ɗan ɗanyen ganye, a kara faifai a bakin kogon na ɗan lokaci, a lura da inda hayaƙi ke tsiyayowa, a yi wa wurin alama da gawayi. Bayan gadon ya huce sai a kankare bakin tsagar, a jiƙa ta, a cike ta da kwaɓaɓɓiyar laka mai haɗe da ciyawa, a yaɓe saman, a bar shi ya bushe sarai kafin a sake sa wuta. Idan tsagar ta ratsa gadon daga gefe zuwa gefe, aikin magini ne, kuma kada kowa ya hau har sai an sake gina shi.

Zango na Huɗu: Jikin Mai Kwanciya

Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37. Binciken da Moritz da Henriques suka wallafa a Amurka a 1947 ya nuna cewa zafin digiri 44 kacal yana iya ƙona fata idan ya daɗe a kanta kimanin awa shida, kuma daga nan duk ƙarin digiri ɗaya yana rage wannan lokaci da kusan rabi. Wato gadon da hannu ya taɓa ya ji daɗinsa yana iya yi wa mai barci ƙuna kafin gari ya waye. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ba su iya juyawa ko ba su jin zafi sosai: jariri, da tsoho tukuf, da mai ciwon sukari ko kuturta wanda jijiyoyin ƙafarsa suka mutu. A ƙasashen Turai, ƙa'idar masu ɗumama daɓe ita ce kada samansa ya wuce digiri 29 a ɗakin zama. Inda babu ma'aunin zafi, a ɗora cikin damtse a kan tabarmar na minti ɗaya. Idan an ji abin da ya wuce ɗumi, to bai dace da jariri ba.

Game da mai jego kuwa akwai ƙarin bayani. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, abin da ke sa zuciya ta ƙara aiki. A 1978, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa binciken da suka yi a Zariya a kan mata 224 masu ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta yawaitarsa da kwanciya a kan gado mai wuta, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da shan kunun kanwa. Sai dai wani babban bincike da aka yi a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta aka wallafa a 2020, bai samu cewa waɗannan al'adu su ne ke haddasa ciwon ba. Abubuwan da ya fi alaƙanta shi da su sun haɗa da rama da hawan jini na lokacin goyon ciki. Haka kimiyya take, bincike na baya yana gyara na gaba da shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, mai jegon da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya rigingine saboda sarƙewar numfashi, asibiti take bukata ba ƙarin gashi ba.

Zango na Biyar: Ɗakin Kansa

Nan ne babban haɗari yake. Idan gawayi ya ci da isasshiyar iska, sinadarin kabon da ke cikinsa yana haɗuwa da oksijin ya ba da kabon dayoksaid:

C + O₂ → CO₂

Idan kuwa iska ta yi ƙaranci, sai ya ba da kabon monoksaid:

2C + O₂ → 2CO

Wannan iska ta biyu ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko hawaye. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, to ana iya rufe ƙofa. Wannan kuskure ne mai kisa, domin garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogilobin, wanda aikinsa ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Tun a 1857 masani Claude Bernard na Faransa ya bayyana cewa kabon monoksaid tana kore oksijin daga jini. Tana manne wa himogilobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda haka ko 'yar kaɗan ce a ɗaki, tana taruwa a jini sannu a hankali. Ƙwaƙwalwa da zuciya, da yake sun fi bukatar oksijin, su ke fara galabaita. Jariri ya fi kowa saurin kamuwa, domin yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, alhali babba sau 12 zuwa 20 yake yi, kuma irin himogilobin da aka haife shi da shi ya fi riƙe wannan guba. A shekarun 1890, John Scott Haldane na Birtaniya ya ba masu haƙar kwal shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi don su zama gargaɗi, kuma an ci gaba da amfani da kanari a ramukan kwal na ƙasar har 1986.

Alamun gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, ruɗewa, sannan suma. Sau da yawa akan ɗauke su a matsayin zazzaɓin cizon sauro, wasu ma su ce iska ce ta taɓa gidan. Abubuwa uku ke bambanta su: duk waɗanda suka kwana a ɗakin kan tashi da ciwo lokaci guda, galibi babu zafin jiki, kuma ana samun sauƙi idan an fita waje. Idan haka ta faru, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti mafi kusa. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, domin za su iya shiga huhunsa. A iskar sarari, sai an yi kimanin awa biyar kafin rabin gubar ya fita daga jini, amma da tsantsar oksijin na asibiti lokacin yana raguwa zuwa kusan awa ɗaya da rabi.

Tambayar da ɗalibi zai yi ita ce, me ya sa kakanni suka zauna da wannan gado tsawon zamani? Amsar tana ga ginin ɗakin. Ɗakin jinka yana numfashi ta tsakanin ciyawa da ta bakin bango, ƙofarsa kuma asabari ne ko tufaniya. Ɗakin zamani mai siminti da silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe ba ya numfashi, ballantana idan an cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda sanyi. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana irin wannan a shekarun 1960 da 1970, lokacin da aka koma hura ondol da curin kwal maimakon itace, gubar ta riƙa bi ta tsagar daɓe tana hallaka iyalai cikin barci, har aka sauya zuwa bututun ruwan zafi. Darasin shi ne, tsohuwar wuta a sabon ɗaki sabon haɗari ce. Hukuncin janareta da aka kunna a cikin gida ko kusa da taga ma haka yake.

Ɗumama Daɓe na Zamani

Ɗalibin da karatu ko aiki ya kai shi ƙasashen sanyi zai tarar da jikan wannan dabara: bututun roba da aka binne a cikin daɓe, ruwan ɗumi na zagayawa a cikinsa da taimakon injin turawa, ko kuwa wayar lantarki mai yin zafi. Hanyar binciken ba ta canza ba. Idan gidan duka ya yi sanyi, a fara daga tushe, wato wutar lantarki, da tukunyar ɗumama ruwa, da injin turawa. Idan ɗaki ɗaya ne, a duba na'urar daidaita zafi ta ɗakin da makunnin bututunsa. Idan wani yanki na daɓe ne kawai ya yi sanyi, sau da yawa iska ce ta maƙale a bututu ta hana ruwa wucewa, sai a fitar da ita. Idan ma'aunin ƙarfin ruwa na sauka kullum, akwai yoyo. Na lantarki kuwa ma'aikacin wuta ne ke auna wayar don gano inda ta tsinke.

Gwaji a Cikin Aji

Malami na iya kunna kyandir biyu masu tsawo ɗaya, ya kife ɗaya da ƙaramar kwalba, ɗaya da babba, ɗalibai su ƙirga daƙiƙoƙin da kowanne ya yi kafin ya mutu. Sannan a kara bayan cokali mai sanyi a cikin harshen wutar kyandir, a ga baƙin da ya manne masa, wanda shi ne kabon da bai gama ci ba. Daga ƙarshe a shanya tubalin laka da faifan ƙarfe a rana na awa biyu, a mayar da su inuwa, a riƙa taɓa su kowane minti goma don a ga wanda ya fi riƙe zafi.

Kammalawa

An ga cewa gado da wuta da ɗaki da mai kwanciya tsari ɗaya ne, kuma ba a cewa an gama gyara sai an duba su duka. Ƙa'idojin da kowane gida zai riƙe huɗu ne: a gasa gado tun da yamma da busasshen itace, a kwashe garwashi a fitar da shi waje kafin a kwanta, a bar wata kafa a buɗe ko da sanyi ya tsananta, a kuma duba tsaga kafin kowane hunturu ya shigo. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi, ya isar da shi ga iyayensa da maƙwabtansa, yana iya zama sanadin tsirar mai jego da jaririnta.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyoyi uku da zafi ke bi daga garwashi zuwa jikin mai kwanciya a kan gadon ƙasa.
2. Me ya sa ɗanyen itace ba ya gasa gado?
3. Ta yaya kabon monoksaid ke hana jini aikinsa, kuma me ya sa jariri ya fi babba shiga haɗari?
4. Kawo alamu uku da ke bambanta gubar gawayi da zazzaɓin cizon sauro.
5. Kwatanta ɗakin jinka da ɗakin siminti dangane da shiga da fitar iska.